Lagireto cike, mota na zafi

Jiya na canja tiyon lagireto da kaina, na cika ruwa har baki, na ce shi ke nan. Ko Kwanar Dangora ban kai ba allurar zafi ta haura. Ashe iska ce ta maƙale a cikin injin.

Wani dattijon bakanike ya ce, "Ɗana, kar ka taɓa murfin lagireton nan sai motar ta huce." Da ta huce, ya sa na hau da gabanta kan tudu, ya buɗe murfin, ya tayar da ita, ya ƙure hitar ɗumama cikin mota, yana mammatsa tiyon sama. Sai ga kumfa ɓul-ɓul! Ruwan ya sauka, ya yi ta ƙarawa har fanka ta tashi sau biyu. Ni kuwa ina gefe, kunya ta ishe ni.