Kwana huɗu a tanti, kusa da Akwidaa

Da na gaya wa uwata Hajiya cewa za mu tafi hutu bakin teku mu kwana a tanti, sai ta ajiye carbinta ta dube ni. "Tanti irin na Mina?" Na ce kusan haka, amma ƙarami. Ta ce, "To, a Mina lada ake nema. Ku me kuke nema da za ku bar ɗaki da katifa ku je ku kwanta a ƙasa, har ku biya kuɗi?" Na rasa ta cewa. Uwargida ce ta kawo shawarar tun farko, ita kuwa ta sulale kicin ta bar ni da tambayar.

Mun bar Kumasi bayan sallar asuba a cikin watan Disamba, yara uku a baya, buta da tabarmi da gidan sauro cike da but. Muka bi ta Assin Fosu zuwa Cape Coast, muka wuce Takoradi, muka karya kwana a Agona Nkwanta, muka nufi Akwidaa, wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Ghana. Ba mu yi nisa ba kwalta ta yi mana sallama. Sauran hanyar jar ƙasa ce da ramuka, gonakin roba da na kwakwar manja dama da hagu, har autana ya gaji da tambayar ko mun kusa ya yi barci.

Wurin ba otal ba ne. Fili ne na gado a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, iyali guda ke riƙe da shi. Tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Maame, ita ce mai faɗa a ji. Ɗanta ke ba da hayar tantuna, shi ke kula da fitilun sola da rijiya. Matarsa ke girki a kan kurfoti, jikoki kuma su ne 'yan aike. Banɗakin wanka zagaye yake da gora, ba rufi, kana wanka kana kallon 'ya'yan kwakwa a saman kanka kana addu'ar kada ɗaya ta yi niyya. Su Ahanta ne, amma suna jin Fante, ni kuma da Twi ɗina na ɗan zango muka fahimci juna. Tun kafin in buɗe baki matar ɗan ta nuna wa uwargida tukunyar da ta ware don baƙi Musulmi, ta ce kifi kawai ake dafawa a ciki.

Ni na zaɓi inda za a kafa tantinmu, can gaba inda yashi ya yi laushi, don in buɗe ƙofa in ga ruwa. Maame ta zo ta tsaya tana kallona ina buga turaku. Ta tambaye ni wata nawa yau, wai ku masu azumi kun fi kowa lissafin wata. Na ce sha huɗu. Ta nuna wata kwakwa a bayanmu ta ce in koma can. Na dubi tekun, yana nesa da mu kamar taku talatin, na yi mata godiya na ci gaba da aikina.

Kafin asuba na ji ana girgiza ni. "Baban yara, tashi, tabarma ta jiƙe." Na haska tocila, sai ga kumfa a bakin ƙofa. Haka muka kwashi yara da kaya a cikin duhu, muka ja tantin kamar ana jan akuya mai taurin kai. Takalmina ƙafa ɗaya har yau yana hannun Tekun Atlantika. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Da gari ya waye Maame ba ta ce mini komai ba, shayi kawai ta aiko. Ɗanta ne ya zaunar da ni. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan wata ya cika, ko lokacin da ake neman jinjirinsa, cikowar ta fi ƙarfi, saboda jan wata da na rana sun haɗu a layi ɗaya. Na karanta wannan a makaranta, har na ci jarrabawa a kansa. Amma ban taɓa haɗa shi da kalandar da ke rataye a shagona ba sai da na rasa takalmi. Ya kuma nuna mini wani wuri da ruwan ya yi lif, ba kumfa, kalarsa ta fi duhu. Ni da na ce nan ya fi dacewa da yara. Ya ce nan ne ruwa ke komawa ciki da gudu, nan yake ɗaukar mutum. Yara suka yi wasansu a bakin kogin Ezile, inda ruwan bai wuce gwiwa ba.

Ranar Talata na tashi da kwaɗayin ɗanyen kifi, na taka har wajen masunta. Kwale-kwale duk suna kan yashi, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Talata ba a shiga teku, al'ada ce ta masuntan yawancin gaɓar Ghana. A ranar, da busasshen kifi muka ci dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da shito, yajinsu mai sa hawaye. Laraba da hantsi kuwa ni da babban ɗana muka shiga layin masu jan igiyar koma. Muka ja har tafin hannuna ya yi ja, aka sallame mu da ƙananan kifaye a leda, yaron yana ta murna kamar an ba shi albashi.

Mun ɗan zaga. A Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1925. Daga sama babu abin gani sai ruwa da duwatsu da iska mai neman cire hula. Can ciki inda ido ba ya kai wa ake haƙo man da aka gano a 2007, amma hanyar zuwa ƙauyen sai mota mai ƙarfin hali.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ganuwar Princes Town, wadda Jamusawan Brandenburg suka fara ginawa a 1683 suka sa mata suna Gross Friedrichsburg. Ni a sanina Turawan Fotugal da Holan da Ingila ne suka yi cinikin bayi a gaɓar nan, ashe har da Jamusawa. Da suka sayar wa 'yan Holan da ginin, wani attajirin yankin da ake kira John Canoe ya ƙi ba da shi, ya riƙe har 1724. Aka shiga da mu wani ɗaki a ƙasa, duhu, iska ba ta zagayawa. 'Yata ta riƙe mini riga ta ce, "Baba, a nan suke kwana?" Na ce a nan. Ba ta sake magana ba har muka koma mota.

Sallah a wurin tana da daɗi. Idan ka fuskanci alƙibla tekun yana hannunka na dama. Na yi alwala da ruwansa sau ɗaya don in ce na yi, tunda ruwan teku mai tsarki ne, amma gishirin ya sa na koma wa butata. Abin da ya ɓata mini rai shi ne robobi da ledoji da ruwa ke amayowa kowace safiya. Jikokin Maame suna kwashewa, washegari wasu su zo.

Daren ƙarshe ɗan Maame ya tashe mu, ya ce a kashe tocila, a yi shiru. Lokacin ƙwan kunkurun teku ne. Ba mu sami uwar ba, ta riga ta koma, amma ga sawunta a hasken wata kamar na tayar tarakta, daga ruwa zuwa tudu, daga tudu zuwa ruwa. Ya kewaye ramin da sanduna saboda karnuka, ya ce sai nan da kamar wata biyu 'ya'yan za su fito. Autana ya ce to mu jira.

Da za mu tafi Maame ta ƙunso busasshen kifi a takarda ta ce a kai wa uwata. Hajiya ta karɓa, ta shinshina, ta sa albarka. Sannan ta dubi ƙafata ta ce, "Wannan silifas ɗin na waye?"