Agogon gabas da agogon yamma

Talata, da daddare.

Yau tun safe kaina bai huta ba. A lacca Malam ya kawo mana gwajin Hafele da Keating na 1971, su biyu suka ɗauki agogunan atom guda huɗu, irin masu auna lokaci daidai ƙwarai da sinadarin siziyam, suka shiga jirgin fasinja da su, suka zagaye duniya ta gabas, suka sake zagayowa ta yamma. Da aka gwada da agogunan da aka bari a Washinton, a tafiyar gabas sun yi baya da wajen nanosakan 59, a ta yamma kuma sun yi gaba da 273. Nanosakan fa, sakan ɗaya ka raba shi gida biliyan.

Abin da ya tsaya min a rai, jirgi ai jirgi ne, to ina ruwan agogo da gabas ko yamma?

Sai a bas daga Samaru, mun kusa Kwangila, buhun tattasan wata baiwar Allah na kan ƙafata, abin ya buɗe min. Ashe agogon da ke ƙasa ma ba a tsaye yake ba! Duniya na juyawa gabas da shi, mu nan Zariya muna zaune amma muna gudun wajen kilomita 1,640 a awa. Jirgin gabas ya ɗora gudunsa a kan na duniya, ya fi kowa gudu, sai agogonsa ya yi nawa, na yamma kuwa rage gudun ya yi, sai agogonsa ya yi sauri. Tashi sama kuma yana ƙara wa agogo sauri don jan ƙasa ya ragu a can, shi ya sa na yamma ya ci riba biyu. Wallahi sai da na yi kabbara a fili, kwandasta ya juyo yana kallona.

Bayan magariba na ba Baba labari. Ya daɗe yana kallon agogon hannunsa, ya ce, “To kenan namu ya fi na mutanen can ƙuryar arewa nawa, tunda mun fi su gudu?” Na ce e Baba, haka ne.

Yanzu na buɗe littafi da tocilan waya na ga ba haka ba ne. Juyawar ce ta sa kugun duniya, inda muke kusa da shi, ya kumbura da wajen kilomita 21, kamar mun ɗan tashi sama kenan, sai tashin ya biya abin da gudun ya ci, agoguna a daidai bakin teku duk tafiyarsu ɗaya. Einstein kansa a 1905 irin amsar da na ba Baba ya bayar. Gobe in mun dawo sallar asuba zan gyara wa Baba, tambayarsa ta fi tawa nisa.