Tambayar da Kawu ya yi min yau

Tun asuba muka hau gonar inabin da ke sama da garin Randazzo a tsibirin Sisili na Italiya, sanyi ba a magana, Oktoba ce ai, kuma mu na gefen arewan dutsen Etna kusan mu ne ƙarshen yankan inabi a duk Sisili saboda tudu. Jiya da dare dutsen ya ɗan watso toka, baƙa ƙirin a kan ganye da gilashin mota, sai ka karkaɗe nonon inabin kafin ka sa a kwando.

Aiki lafiya lau. Baya dai na ciwo, don itatuwan nan gajeru ne, kowanne tsaye shi kaɗai jikin sandarsa, a sunkuye ake wuni.

Bayan la'asar Kawu ya kira ta WhatsApp, muna cikin gaisawa yana ta sa min albarka kan kuɗin maganin Inna, kawai sai ya ce, "Wai ni inabin nan da kake yanka, na ci ne ko na matsa?" Na yi shiru. Ya ce yana jina. Na ce Kawu na matsa ne, jar giya ake yi da shi. Bai yi faɗa ba wlh, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya karanto min hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai matsawa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta, sannan ya ce, "Ni ban ce ka bar aiki yau ba ɗana, ka dai tambayi masu sani, ka tambayi zuciyarka."

Na so in yi masa bayani amma ta ina zan fara. Ina son gonar nan, abin da ya fi damuna kenan. Tsoho maigona ba ya zuba takin zamani, ba ya fesa maganin ciyawa, da fartanya muke nome gindin kowane itace kamar yadda muke yi wa gero a gida, in ciwon ganye ya zo sai farar wuta da ruwan jan ƙarfe kawai. A 2023 da ciwon ya cinye gonaki a Sisili ma bai canja ba, ya haƙura da asarar. Akwai itatuwan da ya ce sun haura shekara 100, ƙwaron da ya kashe inabin Turai tun da can bai iya da wannan yashin dutsen ba. Nerello Mascalese suke kiran irin, sai kwalba ta kai kashi 80 nasa kafin a rubuta mata Etna Rosso, doka ce tun 1968. In ka tsinki ƙwaya ɗaya ka sa a baki, zaƙi da ɗan tsami da bauri a fatar, halal ne tsaf a hannuna. Sai ya gangara ƙasa a mota ya zama abin da ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Tsohon ma ya sani, ranar cin abinci shi da kansa yake aje min ruwan lemo.

Amma kwandon ni nake ɗauka zuwa motar. Wannan "mai ɗauka" ɗin ne ya tsaya min a rai, ko inabi ɗanye ya shiga ciki ko bai shiga ba, ba ni da ilimin da zan yanke wa kaina.

Wani ɗan Gambiya da muke aiki tare ya ce in daina takura kaina, takardun zamanmu na jikin kwantiragin aikin nan. Gaskiyarsa, shi ma fa sallarsa ba ta wuce shi.



Juma'a in sha Allah zan sauka birnin Kataniya in samu liman bayan sallah. Kuma zaitun ya kusa, lemo ma na tafe wajen garin Paterno cikin hunturu, na ce wa ɗan Gambiya ya fara tambayar min ko ana neman hannu.