Hanyar da ƙafa ta riga ta zana

A Aboabo na tashi, cikin zangon Kumasi, inda rafin unguwa ya koma tamkar babbar kwata, kowace damina ya kwaso leda da shara ya shigo wa mutane har ɗaki. Shi ya sa ko da na yi karatun tsara filaye da lambuna, abin da ke raina game da ruwa ɗaya ne: a kama shi cikin siminti, a kore shi da sauri.

Aikina na farko ya kai ni wani ƙauye a gefen tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Hanyar ƙafa ake so, daga ƙauyen zuwa bakin ruwa, da reshe da zai bi ta gonakin koko ya shiga daji. Tafkin yana cikin wani makeken rami ne da dutse ya faɗo daga sama ya haƙa, sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, don haka ko ta ina ka dosa gangare ne. Na zana miƙaƙƙiyar hanya mai matakala, da kwata a gefenta.

Maginin da muke tare, wani dattijo ɗan Sabon Zongo, ya daɗe yana duban takardar. Sai ya ce, "Ɗana, ka taɓa hawa gangaren nan da kaya a ka?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce to mu haɗu bayan sallar asuba.

Muka zauna muna kallon mata suna hawowa da kifi da wanki. Ba wadda ta miƙe. Tsohuwar hanyarsu lanƙwasa take yi, dama da hagu, tana raba hawan kashi-kashi. Jar ƙasar ta yi sumul saboda taku. Ga saiwar wata bishiya da ta zama mataki, ga wani faffaɗan dutse a inuwa inda kowace ke sauke kaya ta numfasa. A taswirata dutsen nan na sa masa alamar a fasa. Kunya ta kama ni sosai, domin na auna tsawo da gangare daidai, amma ban tambayi ko mutum ɗaya cikin masu bin hanyar ba.

Batun ruwa ya fi girgiza ni. Bosomtwe ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa. Ruwan sama da ƙananan rafuka ne ke shiga, rana ta ƙafar da wani. Ke nan duk laka da dattin da kwatata za ta kwaso, a cikinsa za su zauna. Kuma tafki ne da Asante, mutanen yankin, ke girmamawa, masunta na hawa falankin katako da suke kira padua suna tuƙi da hannu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa shi cikin yankunan da ake kiyayewa a 2016.

Sai muka bi tsohuwar hanyar, muka bar batun kwata. Bayan kowane ɗan taku muka yanka ƙaramin rami a karkace, wanda zai kautar da ruwa daga hanya zuwa cikin ciyawa kafin ya tara ƙarfi. A ƙasan kowane rami muka jera duwatsu, muka dasa jema layi-layi a gicciye da gangaren. Wannan ciyawa ina ƙaunarta: saiwarta ƙasa take nutsawa kai tsaye, tana riƙe ƙasa, tana tace laka, ba ta mamaye gonar kowa.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Yuni, ni da Baba muka fita da lema muka bi hanyar. Ramukan sun yi aikinsu, sai guda ɗaya a lanƙwasa ta uku da ruwa ya tsallake ya zaizaye gefe. Baba ya tsuguna, ya sa yatsa cikin lakar, ya nuna mini inda ruwan ya so bi. Washegari muka matsar da ramin taku biyu sama, muka ƙara duwatsu.