Tarakta ta hannu: da sassafe ake zuwa ganinta

Ƙannena masu sha'awar ƙaramar tarakta mai bokiti a gaba, irin wadda ake kwasar taki da ƙasa da ita, a gyara hanyar gona, a ja tirela, ku zo in ba ku labarin abin da na yi wa kaina, don wallahi ba wanda ya cuce ni kamar idona da gaggawata.

Da rana tsaka na je ganin tawa. Mai ita ya ce ai har ya tayar da ita ya fito da ita waje don kar ya ɓata min lokaci, ni kuma sakarai har godiya na yi masa. Na murɗa makulli ta tashi nan take, fenti na ƙyalli, mitar awa, agogon da ke ƙirga awannin da inji ya yi aiki, na nuna ɗan kaɗan, shikenan zuciyata ta gama ciniki tun bakina bai fara ba. Washegari da safe a gidana sai da na kusa kashe batir kafin ta kama, ta turnuƙe wurin da farin hayaƙi. Makanikena ya zo ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai alhali inji na aiki, sai ga hayaƙi na fitowa fuf-fuf, ya dube ni ya ce “Oga, wa ya raka ka sayen wannan?” Ba kowa. Shi injin dizal ba tartsatsin fulogi ke kunna masa wuta ba, matse iska yake har ta yi zafi man ya kama, to in ringi, wato zoben fistin mai hana iskar tserewa, ya cinye matsin ya ragu, da sanyi ne asirinsa ke tonuwa, in ya riga ya ɗumama kuwa tsoho da yaro duk ɗaya suke tashi. Don haka ka ce wa mai ita kar ya taɓa ta sai ka zo, ka iso da sassafe ka ɗora hannu a jikin injin, in ka ji ɗumi ka ce sai gobe. Ka zaro sandar auna mai, in ka ga man ya yi fari-fari ruwa ya shiga. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuma baƙin mai take sha.

Ita mitar awa kar ka rantse da ita. Ana canza ta, wayarta na tsinkewa a yi shekara ba a gyara ba, kuma tsofaffin masu waya da gudun inji suke lissafi, in an bar ta tana aiki a hankali awa ba ta cika awa. Fedar birki da kulochi da suka sha taku har suka yi sulɓi sun fi ta faɗin gaskiya.

Amma inda na fi shan kashi gaban taraktar ne, kuma nan ne ban ko durƙusa na leƙa ba. Bokitin nan da ya sa ka so ta shi ne ke cinye ta, don duk nauyin da ya ɗauka a kan ƙananan tayoyin gaba da aksul ɗinsu yake sauka. Sati uku da sayen na ga mai ya jiƙe cikin tayar gaba ta hagu, ƙura ta manne ta yi baƙi, sil ɗin aksul, robar da ke hana mai zuba, ya tafi. Sai ga fenti ya fara ɓarewa a gindin hannun bokitin, ashe walda ce a ƙasa, an ɗinke tsaga an shafe, kyan ɗan maciji kenan. Fil-fil ɗin da hannun ke juyawa a kansu kuma sun daɗe ba su ga giris ba, ramukan sun buɗe, bokitin sai ƙwal-ƙwal yake. Duk wannan a minti goma da na gani: ka kafa bakin bokitin a ƙasa ka danna har tayoyin gaba su ɗan ɗaga, ka sake, wani na tsaye yana kallon inda ke motsi, sannan ka cika shi ka ɗaga ka kashe inji ku ci gaba da hira, in ka waigo ya sauko da kansa to haidurolik, wato tsarin matsin mai da ke ɗaga bokitin, na yoyo ta ciki ko da ba ka ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba.

Shi haidurolik kishiyar inji ne, sai ya yi zafi yake nuna halinsa don mai na tsinkewa, sai ka roƙi a bar ka ka yi aikin rabin awa da ita, ka hau tudu, ka shiga duk giya, ka sa ta ja da taya huɗu. Ka kunna sandar baya mai juya injin yankan ciyawa, PTO, wadda a yawancinsu 540 take juyawa a minti, ka ji ko tana kamawa kuma tana tsayawa. Ni ban ma san tawa ba ta tsayawa sosai ba sai da damina ta zo.

Ka ɗauki hoton farantin lambar da ke jikinta ka kira mai kayan gyara kafin ka biya. Tawa ashe don wata kasuwa aka ƙera ta, sil ɗin aksul ɗin nan wata biyu na jira shi tana fake a rumfa.

Kuskurena na ƙarshe kam ba laifin mai sayarwa a ciki ko kaɗan. Na cika bokiti da jiƙaƙƙen yashi na ɗaga shi sama wai don in ga hanya, ba komai a rataye a baya, na karkata kan ɗan gangare, sai ji na yi tayar baya ta bar ƙasa. Allah ne ya sa hannuna na kan liba na saki bokitin ya daki ƙasa, na sauko gwiwata na rawa. Ƙarfen kariyar da ke bayan kujera, mai tsare direba in tarakta ta kife, shi ma an cire shi tun kafin in saya, ban tambaya ba. Nauyin da aka rubuta bokiti na ɗauka galibi a daidai fil ɗinsa aka auna, kayanka kuwa can gaba suke zama, don haka ba za ka samu duka ba. Ka rataya abu mai nauyi a baya, ka riƙa tafiya bokiti na kusa da ƙasa, in akwai ƙarfen kariya ka ɗaura bel.

Har yau tana nan wurina. An sake ringi, na sa an mayar da ƙarfen, duk awa 10 na aiki nake bin fil-fil ɗin da giris, waldar nan kuwa na kankare fentin kanta na bar ta a fili, kullum da safe sai na leƙa ta kafin in murɗa makulli.