Gyaran tsohon gida a Legas: abin da siminti ke ɓatawa

A unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Ebute Metta akwai wani bene da ake kira Jaekel House. A 1898 aka gina shi. Babban manajan reluwe ne ya fara zama a ciki, daga baya ya koma masaukin manyan ma'aikata. A 2010 aka gyara shi ƙarƙashin jagorancin Farfesa John Godwin, wanda ya koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Legas, yanzu kuwa ƙaramin gidan tarihi ne.

Mu masu gyaran irin waɗannan gidaje mun fi tsoron sauyin aiki a kan tsufa. Gidan da aka yi don iska ta ratsa shi, da dogayen tagogi da baranda, in an mai da shi ofis sai a toshe tagogin a sa na'urar sanyaya ɗaki. Damshi ya rasa mafita. A jibge kabad-kabad na takardu a kan daɓen katako, gungumen da ke ƙarƙashi ya fara lanƙwasa.

Daga sama ake fara aiki: kwano, indararo, sannan magudanar ruwa a gindin bango. Wanda ya yi fenti rufi na yoyo, kuɗinsa ya zubar.

Babbar ɓarna ita ce yaɓen siminti. Tsohon bulo da farar ƙasa aka ɗaure shi, yana shan ruwa yana fitarwa. Siminti kuwa kulle ruwan yake yi a ciki, gishiri ya taru, bulon ya ruɓe ta baya alhali fuskarsa sumul. Sai a kankare simintin da hannu, ban da inji. A kwaɓa farar ƙasa kashi 1 da yashi mai kaifi kashi 3, a shafa kaurin da bai wuce santimita 1 ba, a riƙa yayyafa ruwa na 'yan kwanaki kafin a ƙara wani. Masu gida ba sa son wannan jiran, amma in aka gaggauta tsagewa yake yi.

Katako kuma a ƙwanƙwasa shi da guduma. Inda ya yi ƙarar ganga, gara ta cinye cikinsa. Ba a cire gungume gaba ɗaya, ruɓaɓɓen wurin ake yankewa a haɗa da busasshen katakon iroko. Ƙusar ma a nemi wadda ba ta tsatsa, domin iskar teku ta Legas ba ta barin baƙin ƙarfe.