Talata, bakin titin Zariya

Safiya lafiya lau. Umma ta soya ƙosai, Sadiya ta cinye rabona tana dariya.

Wajen ƙarfe 11 ina jiran a-daidaita-sahu, wata mota ta kwashe yarinya mai tallar gyaɗa a gabana. Da idona na ga direban, waya a kunne, hannu ɗaya a sitiyari. Bai taka birki ba sai da farantin ya tashi sama. Ƙafarta ta karye. Ya tsaya, ya kai ta asibiti, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma tun ba a ɗaga ta daga kwalta ba wani dattijo ya fara: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi haƙuri."

Maganar nan ce ta tsaya mini a wuya har dare.

Bayan isha'i na ba Kawu labari, tunda ya daɗe yana jan mota. Na ce, "Kawu, mutum yana tuƙi yana waya, tsautsayi ne ko ganganci?" Ya ce, "Ke dai da son rigima. Ai ba da gangan ya yi ba." Na ce to ai kisan kuskure ma ba da gangan ba ne, amma a Suratun Nisa'i, aya ta 92, an ɗora diyya da kaffara. Yafewa kuma ta iyalan ce, in sun ga dama. Mu a nan 'yan kallo ne ke riga su yafewa. Na ƙara da cewa inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 ga ƙaramar mota a Janairun 2023, ai don wanda aka buge aka yi ta. Kawu ya yi dariya, ya ce shi iyakar saninsa takarda ce ta nuna wa jami'ai a hanya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da 'yar wani babba ce, ba wanda zai ce tsautsayi." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Ɗinkin Anti Hajara ban karɓo ba. Wuta ma babu.

Ina ta tunanin uwar yarinyar nan mai gyaɗa, ko wa ya je ya gaya mata. Lokacin da na bar wurin yara na tsintar gyaɗar, farantin kuma yana cikin kwata.